Kawuna da Giyar da Bai Taɓa Kurɓa Ba

Ranar sadakar uku falon Kawu a unguwar Park Hill ta New York ya kasa ɗaukar mutane. Takalma sun yi layi daga ƙofar gida har bakin lif. Maza suna falo a kan darduma, mata suna ɗakin Inna, matarsa, ni kuma ina kai da komo da butar shayi, shi ya sa kunnena ya kwashi maganar ɓangarorin biyu.

Wani likita ɗan Kano ya ce Kawu ne ya je ya tarbo shi a filin jirgi ranar da ya fara taka ƙasar nan, alhali babu abin da ya haɗa su sai Hausa. Wata Hajiya 'yar Maraɗi ta ce shekara da shekaru ba ta sa hannu a takardar hukuma sai ya karanta mata, har ƙananan rubutun da ke can ƙasa. Wani dattijo da ban sani ba ya sassauta murya ya tambayi na kusa da shi:

"Ya dai bar aikin nan kafin ya cika ko?"

Aka ce masa ya bari tuntuni.

"To, alhamdu lillahi," in ji shi, ya miƙa hannu ya ɗauki dabino.

Wajen la'asar sai ga wata tsohuwar Baturiya tana dogara sanda. Ta cire takalmanta ba wanda ya ce mata, ta ciro gyale daga jaka ta rufe kanta, ta wuce ɗakin mata. Matar tsohon maigidan Kawu ce, wanda ya riga shi rasuwa da shekaru. Ta riƙe hannun Inna tana hawaye, tana faɗa da Turanci cewa mijinta bai taɓa ba kowa makullin sito ba sai Kawu, ko 'ya'yan cikinsa bai ba su ba. Kowa a ɗakin ya san abin da ke cikin siton. Inna ta share fuska, ta dube ni ta ce, "Dama mata fura, ta sha hanya."

Giyar inabi ce a cikin siton. Kawu ya yi kusan shekara talatin yana aiki a wani ƙaramin kamfani a bakin ruwa a Brooklyn, mai shigo da ita daga Faransa da Italiya da wasu ƙasashe. Shi ke rubuta wa manoma wasiƙa, shi ke bin takardun jirgin ruwa da na kwastam, waɗanda har ya rasu duwan yake ce musu irin na mutanen Nijar. Bai taɓa kurɓarta ba, ko sau ɗaya. Ina rubuta wannan ne saboda jikokinsa, masu jin Hausa su amsa da Turanci. Ba na so abin da za su riƙe game da kakansu ya tsaya a tambayar dattijon nan.

Yayan mahaifiyata ne. A Damagaram aka haife su, aure ya kai ta Kano, karatu ya kai shi Faransa, inda ya karanci tattalin arziki. Yana ɗalibi, idan kaka ta yi, yakan bi sauran ɗalibai zuwa wani ƙauye a kudu su yi tsinkar inabi don su samu na sabulu. Daga baya ya zo New York a matsayin ƙaramin akawu a ofishin jakadancin Nijar. Da gwamnati ta sauya a gida, aikin ya tafi da ita, aka bar shi da mata da jariri da takardun zama da suka kusa ƙarewa. A lokacin ne ya ji wani tsoho yana neman mai rubuta Faransanci mai kyau. Tsohon ya ɗauke shi, ya tsaya masa har takardunsa suka fito. Kawu ya ce da kansa zai yi shekara biyu ya nemi wani abu. Shekara biyun ce ta zama talatin.

Ni na sauka gidansa ne da na zo karatun aikin jinya. Kowace safiya, bayan asuba, zai cika ƙaramin filas da shayi, ya naɗe goro biyu a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya sa hularsa, ya bi bas zuwa jirgin fito. Ya fi son tsayawa a waje ko da sanyi, wai yana so ya ga manyan jiragen kaya suna shigowa. Yana iya kallon jirgi ya gaya maka daga wace tasha ya taso. Da yamma kuwa, idan an zauna cin tuwo, nan makaranta take buɗewa. 'Ya'yansa sun gaji da labaran tun suna ƙanana, don haka da ya samu sabon kunne bai yi wasa da ni ba.

"Ke 'yar Kano," haka yake kirana, "kin san kakanmu falke ne? Gwanja yake zuwa ya ɗauko goro. A ƙasarmu goro ba ya fitowa, amma babu aure babu suna sai da shi. To haka Turawan Ingilishi suke da giyar inabi. Sanyinsu ba ya barin inabi ya nuna sosai, amma su suka riƙa aika jirage suna saye, har suka kai ga gaya wa masu gonar irin wadda za su yi. Kakanmu yakan kwance huhu a hanya, ya yayyafa ruwa, ya fitar da ruɓaɓɓe. Ni kuma ina waya ina faɗa da masu kwantena kada su bar mini kaya a rana. Abokin gabarmu ɗaya ni da shi, zafi."

Sai ya gutsuri tuwo.

"Bambancin dai, shi nasa kayan yana iya kai wa liman."

Akwai labarin da ya fi so, na wani ƙwaro ɗan mitsitsi da ya bi jirgin ruwa daga Amurka ya shiga Turai, ya dinga cin saiwar inabi ƙasa bayan ƙasa, har manoma suka riƙa barin ƙauyukansu. Maganin kuma daga inda cutar ta fito aka samo shi. Aka ɗauko saiwar inabin Amurka, wadda ta saba da ƙwaron, aka yi mata aure da reshen Turai, kamar yadda ake yi wa mangwaro a gida. Nan sai ya nuna ni da cokali ya ce, "Duk tinƙahon da suke yi da gonakin kakanninsu, saiwar baƙuwa ce ke riƙe da su har yau." Inna takan ce, "Miyarka tana hucewa, malamin saiwa."

Labari ɗaya ne ba ya dariya a cikinsa, na Aljeriya. Ya ce lokacin da gonakin Faransa suka mutu, Turawan mulki suka cika ƙasar Musulmi da inabi. Musulmi ke dasawa, su ke tsinka, jirage su kwashe giyar zuwa ƙetare. A gonar da ya yi aiki yana ɗalibi akwai wani tsoho ɗan Aljeriya da suke shimfiɗa buhu su yi azahar tare a tsakanin layukan inabi. Tsohon ya gaya masa cewa shi da ubansa da kakansa duk wannan aikin suka yi, kuma babu wanda ya san ɗanɗanon abin da ake yi da shi. "Tausayinsa na ji a lokacin," in ji Kawu. "Ban san kaina nake kallo ba."

Mutanenmu na nan ba su taɓa rasa abin faɗa a kansa ba. Suna kawo masa takardu, suna kiransa sulhu, amma akwai gidajen da naman layyarsa ba ya shiga tukunyarsu. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne amininsa, wani direban tasi ɗan zangon Kumasi da muke kira Baba Alhaji. Sun fi shekara goma suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a wani ƙaramin masallaci a unguwar Tompkinsville. Bayan Baba Alhaji ya dawo daga Makka, sai ya tare shi a bakin masallacin ya ce:

"Malamai sun faɗa, ba mai sha kaɗai ke da zunubi ba. Har mai ɗauka, da mai sayarwa, da mai ci daga cikinta."

"Na ji wannan tun ina makarantar allo," in ji Kawu.

"To me kake jira?"

Kawu ya sa takalmansa ya wuce. Babbar Sallar shekarar, cinyar ragon da ya aika gidan Baba Alhaji ta dawo a cikin ledarta. Daga nan suka yi shekara bakwai babu abin da ke haɗa su sai sallama.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. A shekarata ta biyu na shiga ƙungiyar ɗalibai, na ji wa'azi, na dawo gida da zafin kai irin na mai shekara ashirin. Na daina cin abincin gidan. Na sayi burodi da man gyaɗa na ajiye a ɗakina, idan an kira ni cin tuwo in ce na ƙoshi. A kwana na huɗu Inna ta gane. Ta tsaya a ƙofar ɗakina hannu a ƙugu.

"A gidan nan kike kwana, da wutar gidan nan kike karatu. Tuwon ne kaɗai haram?"

Daga falo na ji muryar Kawu, a hankali. "Ki ƙyale ta. Ba ƙarya ta yi ba."

Bayan mako guda Inna ta shigo da wata 'yar tukunya ta dire a gabana. Tana yi wa mata kitso a gida ranakun Asabar da Lahadi. Ta ce, "Wannan daga kitsona ne, babu hannun kawunki a ciki. Ki ci ko ki bari." Na ci. Shekara biyu ana ɗora tukunya biyu a gidan saboda ni, ina ganin kaina wata waliyyiya.

Sai bayan na yi aure Inna ta gaya mini cewa shawarar Kawu ce. Shi ke zuwa cefanen ma. Zai shiga kanti ya sayi na gida ya fito, ya sake komawa ya bi layi ya sayi nawa da abin da ta ba shi, don kada su gauraya. Masu kantin har suna yi masa dariya.

Ranar da na ji haka na hau jirgin fito na je na same shi. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi in zauna a kujera, gwiwata ba ta yi masa laifi ba.

"Da kin ci kina ƙyama, da ya fi mini ciwo," in ji shi. Ya ɓare goro ya miƙa mini rabi. "Bari in gaya miki abin da ban gaya wa Alhaji ba. Ban taɓa cewa aikin nan daidai ne ba. Da don ciyar da iyali kawai nake yi, da ina da abin faɗa gobe ƙiyama. Abin da ke damuna shi ne ina sonsa. Ina son in buɗe wasiƙar manomin da na san ubansa, ya gaya mini ruwa ya yi yawa bana. Ina son sanin yadda abu ya taso daga wani tudu ya ratsa teku ya iso lafiya saboda na rubuta takarda daidai. Wannan son ne ban san inda zan kai shi ba."



Ya bar aikin ne bayan rasuwar tsohon maigidansa. Ya tsaya shekara guda ya nuna wa 'ya'yan tsohon inda komai yake, sannan ya miƙa makulli. Ya ce alkawarin da ke wuyansa na tsohon ne, tsohon kuma ya tafi. A shekarar ya sauke farali.

Da ya dawo, zaman gida ya gagare shi. Sai ya fito da wata dabara: zai shigo da ruwan inabi zalla, marar maye, irin wanda ya sha a bakin matsewa yana saurayi, don mutanenmu su samu abin sha na mutunci a biki da suna. Ya rubuta wa wani manomi da suka daɗe tare. Manomin ya ce sai an dafa ruwan sosai kafin a zuba a kwalba. Kawu ya ce dahuwa tana kashe daɗin, a ɗan ɗumama kawai. Manomin ya sake gargaɗinsa, Kawu ya nace. Kaya suka taso, suka maƙale a tashar jiragen ruwa a tsakiyar zafin Yuli, sannan aka jibge su a ɗakin baya na kantin wata 'yar zango a Tompkinsville.

Ranar ba ni da aiki, ina gidansu, mai kantin ta bugo waya ta ce kwalabensa suna harbi kamar bindiga. Na ɗauke shi a mota muka je. Tun daga ƙofar ɗakin warin ya tare mu. Kwalabe uku sun fashe, wasu suna kumfa ta baki. Kawu ya tsaya, ya shaƙa sau ɗaya.

"Ta zama," in ji shi.

Na ɗauka zai yi kuka, don abin da ya tara na ritaya ya shiga cikin kayan nan ba kaɗan ba. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya zauna a kan buhun shinkafa yana dariya har da hawaye.

"'Yar Kano, shekara nawa ina koya muku wannan a kan tuwo? Inabi ba ya tafiya mai nisa yana inabi. Ko ya bushe ya zama zabibi, ko ya zama giya. Shi ya sa mutanen dā suka yi fataucinta. Ni da na gudu daga gare ta, ga shi na biya mata kuɗin jirgi ta biyo ni."

Muna cikin haka Baba Alhaji ya shigo sayen gari, ya ji wari, ya leƙo. Mai kantin ta zayyana masa komai. Ya daɗe yana kallon Kawu, Kawu yana kallon ƙasa. Can ya ajiye ledarsa, ya naɗe hannun rigarsa.

"Ina za a zubar?"

Akwai magudana a tsakar gidan baya. Na riƙa miƙo musu katan, su kuma suna buɗe kwalabe ɗaya bayan ɗaya suna tuttulewa, kumfa tana fallatsa musu har gemu. Sun fi rabin sa'a suna wannan aiki. Can Baba Alhaji ya ce:

"Kai da ka san komai a kanta."

"A takarda na san ta," in ji Kawu.

Da suka gama, la'asar ta yi, ga su sharkaf, suna wari kamar waɗanda suka kwana a mashaya. Baba Alhaji ya shinshina rigarsa ya ce idan ya shiga masallaci haka, sunansa ya ɓaci har Kumasi. Na kwashe su zuwa Park Hill da tagogin mota a buɗe. Suka yi wanka, Baba Alhaji ya ari kaftanin Kawu wanda ya yi masa tsawo har yana taka shi, suka yi sallah a falo. Inna ta kawo tuwo a kwano ɗaya ta ajiye a tsakaninsu. Baba Alhaji ya wanke hannu ya yi bisimilla. Daga ranar har ƙarshen rayuwar Kawu, shi ke ɗaukarsa a tasi zuwa Juma'a, kuma shi ya yi masa wanka na ƙarshe.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi a watan Afrilu. Ranar Talata da rana na je asibiti na tarar ya farka, idonsa garau. Ya ce in ɗauko wayata in duba masa yanayin wani wuri. Ya faɗi sunan, na kasa rubutawa, ya jero mini baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ƙauyen da ya yi tsinka ne yana saurayi. Na gaya masa an ce sanyi zai sauka sosai kafin gari ya waye a can, har raɓa ta daskare.

Ya rufe ido. "Yanzu ne suke toho," in ji shi. "Idan ya kama su a haka, shekarar ta tafi. Za ki ga kowa ya fita, har tsofaffi, suna kunna wuta a gwangwani tsakanin layuka don su ɗumama iska. Manomin da na saba da shi ya gaya mini shekarar da abin ya same su, ubansa ya zauna a bakin gona bai yi magana ba kwana biyu."

Ya ɗaga hannuwansa, da robar ƙarin ruwa a jikin ɗaya, ya yi addu'a a hankali. Na shafa tare da shi. Amma halina bai gama barina ba, sai da na ce:

"Kawu, ka san dai abin da za su yi da inabin."

"Na sani. Ni itacen na roƙa wa, da masu shi da 'ya'yansu. Sauran yana tsakaninsu da Wanda ya halicce su, kamar yadda nawa yake tsakanina da Shi." Ya juyo da kansa ya dube ni. "Ke ma idan na tafi, kada ki tsaya kare ni a gaban mutane. Ki roƙa mini gafara kawai. Ita na fi bukata."

Ya cika ranar Alhamis da hantsi, Inna tana riƙe da hannunsa.

Na karya masa umarni ɗaya da na zauna na rubuta wannan. Ɗayan kuwa ba zan karya ba. Ya Allah, ga bawanka ya iso gare Ka, bai ɓoye laifinsa ba, bai kuma taɓa kiransa da wani suna ba. Ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, Ka yalwata masa makwanci, Ka shayar da shi abin da babu tambaya a bayansa.